Tarken Baka: Matsayin Hirar Masu Karatu a Nazarin Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci tarken adabi, abin da yakan fara zuwa a zuciya shi ne aikin malaman jami'a da ɗalibansu, wato feɗe littafi a kan ma'aunan jigo da salo da zubi da tsari. Sai dai kafin littafi ya iso teburin manazarci, ya riga ya bi ta hannuwa da dama, kuma an riga an yanke masa hukunci a ɗakunan kwanan ɗalibai da tsakar gida da shagunan haya da majalisun samari. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa hirar da masu karatu kan yi a tsakaninsu game da littafin da ke hannunsu wani nau'i ne na tarke, wanda za a kira shi tarken baka a nan. Za a kuma nuna cewa wannan tarke ya yi tasiri a kan ƙagaggun labaran da suka yi tashe a Kano fiye da yadda tarken masana ya yi, kuma rashin kula da shi ya bar giɓi a tarihin adabin Hausa.

2.0 Samuwar Taron Masu Karatu

Littattafan da gasar 1933 ta haifar a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, makaranta ce babbar kasuwarsu. Hukuma ce ke zaɓen abin da za a buga, malami ne ke zaɓen abin da za a karanta, shi kuwa mai karatu ɗalibi ne wanda ba a neman ra'ayinsa sai a takardar jarrabawa. Ko littattafan da kamfanin NNPC na Zariya ya fitar a 1980, kamar So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, ta hanyar gasa da alƙalai suka fito.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa da aka ƙaddamar a 1976, wanda ya yaye ɗimbin matasa, maza da mata, masu iya karanta Hausar boko. Na biyu shi ne taɓarɓarewar tattalin arziki, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya karya darajar naira, ya tsauwala kuɗin takarda, ya kuma raunana manyan kamfanonin ɗab'i. Da marubuta suka ga babu mai buga musu littafi, sai suka shiga bugawa da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Daga nan littafi ya rasa alƙalin gasa da editan kamfani, ya koma hannun mai saye.

Shi kuwa mai saye ba shi kaɗai yake karatu ba. Littafi guda yakan zaga gida bayan gida ta hanyar aro, ko a karɓo shi daga shagon haya a biya kuɗin kwana. Wadda ta iya karatu takan karanta wa waɗanda ba su iya ba, gidajen rediyo kuma suka riƙa karanta wasu littattafan ga masu sauraro. Duk inda littafi ya sauya hannu kuwa, magana na biye da shi: mai bayarwa zai faɗi abin da ya gani a ciki, mai mayarwa zai faɗi ko ya yarda ko bai yarda ba. A wannan musaya aka gina sunan marubuta da yawa, a cikinta kuma aka binne sunan wasu.

3.0 Ma'aunan Tarken Baka

Za a iya kasa ma'aunan da masu karatu ke amfani da su gida uku. Na farko shi ne daɗi, wato ko labari ya riƙe mai karatu har ya hana shi ajiye littafin. Na biyu shi ne kama da rayuwa, wato ko abin da aka faɗa yana faruwa a gidajen mutane. Na uku shi ne darasi, wato ko an saka wa mai kirki, an kuma hukunta azzalumi. Idan aka lura, waɗannan ba su yi nisa da ma'aunan masana ba. Abin da mai karatu ke kira daɗi shi ne manazarci ke bi ta kansa idan yana duba zubi da tsari, darasi kuwa ƙofa ce ta shiga jigo. Bambancin yana ga yadda ake ɗaukar taurari. Manazarci na kallon tauraro a matsayin abin da marubuci ya ƙera don isar da saƙo, shi kuwa mai karatu yana ɗaukar sa tamkar maƙwabci wanda za a iya zargi ko a nema wa uzuri.

Marubutan sun san da wannan hukunci, sun kuma tanadar masa. Yawancinsu sukan sa adireshinsu a cikin littafi domin a rubuto musu, wasu ma sukan buga wasiƙun da suka samu. Al'adar raba labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu, tare da yanke shi a daidai inda hankali ya fi tashi, dabara ce ta kasuwa, amma kuma takan buɗe wani lokaci na muhawara, inda masu karatu ke yin hasashe da gardama kafin ci gaban ya fito.

4.0 Misalai Biyu

Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya yi tashe a farkon shekarun 1990, labari ne na Sumayya, 'yar masu hali, da ta kamu da son Muhammad, ɗan talaka, alhali danginta sun karkata ga attajiri Abdulƙadir. Da aka matsa mata, sai ta faɗa rijiya. Ta fuskar zubi, wannan mataki shi ne ƙololuwar rikicin labarin. Amma a bakin jama'a sai ya zama tambaya ta shari'a da tarbiyya: shin laifin yarinya ne da ta bijire, ko na manya da suka fifita dukiya? Masu suka sun zargi irin wannan littafi da koya wa 'yan mata saɓa wa iyaye, masu kare shi kuwa suka ce auren dole ya tona wa asiri. Brian Larkin, a nazarin da ya buga a 1997, ya danganta irin wannan rikici da wanda ake gani a finafinan Indiya da Hausawa suka daɗe suna kallo. Abin lura shi ne, masu karatu ba su jira wani masani ba kafin su gano cewa jigon littafin ya wuce soyayya, ya taɓo ikon iyaye da matsayin kuɗi a sha'anin aure.

Misali na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya wulaƙanta uwargidansa Rabi, ya auro Delu, ya kuma kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta, 'yarta Saudatu ta auri mai hali, shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya. Har zuwa nan ma'aunin darasi ya cika, domin alhaki ya bi ubangidansa. Amma marubuciyar ba ta tsaya nan ba, sai ta sa aka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya tozarta ta. Wannan ƙarshe yana karɓar fassara biyu. Wani zai gan shi a matsayin nasarar haƙuri da rufin asirin 'ya'ya. Wata kuwa za ta ga cewa an sake zaluntar Rabi, domin an ƙwace mata 'yancin da ta samu da guminta a lokacin da ba ta bukatar mijin, shi ne ke bukatar ta. Ƙarfin littafin yana cikin wannan saɓani, kuma ba ya bayyana sosai sai an sami mutum biyu suna gardama a kansa. Matar da ta taɓa zama da kishiya ko ta ɗanɗana zawarci tana zuwa wa littafin da ilimin da babu shi a cikin kundin digiri.

5.0 Tarken Masana da Raunin Tarken Baka

Muhawarar da masana suka yi a kan waɗannan littattafai sananniya ce. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano a jaridar Nasiha a 1994, sunan da ke tuna wa mutum ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana mai kokawa da raunin ingancinsu. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuwa sun tsaya a kan cewa sun farfaɗo da karatun Hausa, kuma madubi ne na zamaninsu. Duk ɓangarorin biyu sun yi magana a kan masu karatu, wani na tsoron lalacewarsu, wani na murnar yawansu, amma muryar masu karatun kanta ba ta sami fili sosai ba. Haka nan, lokacin da aka ƙona wasu littattafai a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, an ɗauki mai karatu a matsayin wanda ake zuba wa ra'ayi, ba wanda ke tacewa ba.

Wannan ba ya nufin tarken baka ba shi da aibi. Ba kasafai yake kula da ƙa'idojin rubutu ko ingancin harshe ba, shi ya sa kurakuran ɗab'i da na rabe kalmomi suka yi katutu a littattafai da yawa ba tare da kasuwarsu ta faɗi ba. Yakan kuma tura marubuta ga maimaita abin da ya riga ya karɓu, har labarai su riƙa kama da juna. Babban rauninsa kuwa shi ne rashin adanawa, domin magana ce da ke tafiya da iska. A waɗannan wurare malamin jami'a yana da aikin da babu mai yi masa.

6.0 Kammalawa

An ga yadda sauyin hanyar buga littafi ya miƙa hukunci ga masu karatu, da ma'aunan da suke amfani da su, da kuma yadda gardamarsu ke fito da ma'anar da ke ƙunshe cikin littattafai irin na Gidan Dabino da Balaraba. A yau karatun ya koma wayoyin hannu, shagunan haya kuma sun ja baya, waɗanda suka yi karatun shekarun 1990 sun manyanta. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su tura ɗalibai su tattara wasiƙun da marubuta suka ajiye, su kuma yi hira da tsofaffin masu shagunan haya da matan da suka yi aron waɗannan littattafai, tun suna nan. Tarihin adabin da ya ƙunshi marubuta da masana kaɗai, ya bar waɗanda aka yi rubutun dominsu, bai cika ba.