Gadon Ƙaya ko Gadon Kaya? Kira ga Masu Riƙe da Tarihinmu

Yau darasinmu zai ɗan fita daga aji ya leƙa wajen masu adana tarihi.

Makon jiya wani ɗalibina ya kawo mini wata 'yar ƙasida da aka raba a wani taron tarihi da ya halarta tare da yayansa. Wata ƙungiya ce ta masu kula da tarihin jiha ta buga ta da Hausa, an jera hotunan shugabanninta a shafin farko, dattawa masu ilimi da mutunci. Ba zan kama sunanta ba, domin abin da zan faɗa bai tsaya a kanta ita kaɗai ba. Yaron ya buɗe shafin da aka lissafa ƙofofin tsofaffin biranen ƙasar Hausa, ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin na Kano, ya ce, "Malam, kayan wa aka raba a wannan ƙofar?" Na duba, sai na ga an rubuta "Kofar Gadon Kaya".

To, kun ga yaron bai yi laifi ba, abin da aka rubuta ya karanta. Kalmar "gado" a rubuce kalma biyu ce: akwai gadon kwanciya, akwai gadon da ake rabawa bayan mutuwa. Karin sauti da tsawon wasali ne ke bambanta su a baki, mu kuma ba ma nuna waɗannan a rubutunmu na yau da kullum. Saboda haka kalmar da ke biye ce kaɗai za ta yi wa mai karatu jagora. In ya ga "ƙaya", zai san gadon kwanciya ake nufi, tunda ba wanda ke rabon gadon ƙaya. In ya ga "kaya", hankalinsa zai tafi wajen magada. Sunan ƙofar Gadon Ƙaya ne. Ƙugiya ɗaya aka yar, sai sunan ya koma wani abu dabam, kuma a takardar mutanen da aikinsu shi ne hana irin wannan ɓacewa.

Kafin in ci gaba, bari in ba su haƙƙinsu. Masu wannan aiki suna ɗawainiya, sau da yawa ba tare da isassun kuɗi ba. Albarkacin irinsu ne muke da inda za mu kai ɗalibai, kamar Gidan Makama a Kano, da Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu a Sakkwato. Su ne ke ihu idan aka fara yanka ganuwa ana yin filaye. Ƙorafina guda ne: suna gadin gini da takobi da tsohuwar takarda, amma sun bar ƙofar harshe a buɗe. Alhali sunan wuri shi ma kayan tarihi ne, wani lokaci ma ya girmi ginin da ke wurin.

Ku ɗauki Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi hannun masu jihadi a 1808, zamanin Sarkin Gobir Yunfa. Duk Bahaushen da ya ga sunan da ƙugiyarsa zai hango "alƙali" a cikinsa, ya fara tambayar wane alƙali ne, me ya haɗa shi da wurin. Daga irin wannan tambayar bincike ke farawa. A ƙasidar "Alkalawa" aka rubuta, sunan ya zama kurma, ba ya ce wa kowa komai. Haka aka yi wa Haɗeja da Maraɗi da Ƙanƙara. Kai, a bangon ƙasidar ma "Kasar Hausa" aka sa, kun kuwa san kasa maciji ce. Wani abin dariya, wuri ɗaya da mai bugawa ya tuna da ƙugiya, sai ya maƙala ta inda ba ta da gurbi, ya rubuta "Ɗaura". Garin Daura da "d" mara ƙugiya yake. Ɗaura kuwa aiki ne, kamar ɗaura zane ko ɗaura aure.

Na san amsar da za a ba ni: na'urar bugawa ce ba ta da haruffan. Wannan uzuri ya tsufa. Tun 1912 Hans Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, kuma ya san "d" da "ɗ" ba ɗaya ba ne. A shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Abin da aka iya yi a Zariya da tsohon injin ɗab'i, yau a ce kwamfuta ta gagara? Wayar da ke hannunka yanzu, in ka zaɓi Hausa a Gboard, ga ɓ da ɗ da ƙ nan suna jiranka. Gaskiyar magana, ba a bai wa wanda ya san ƙa'idar rubutu ya duba ba ne kafin a kai maɗaba'a.

Matsala ta biyu ita ce rubuta Hausa da sunayen da Turawa suka lanƙwasa. A cikin jimlar Hausa tsantsa sai ka ci karo da "Sultan na Sokoto". Mu Sarkin Musulmi muka sani, garin kuma Sakkwato. Sai "Sarkin Zaria". Wannan ya wuce kuskuren harafi, domin Zazzau ita ce ƙasar da masarautar, Zariya kuma birnin, shi ya sa ake cewa Sarkin Zazzau. Haka Kanta, sarkin Kabi ne, har gobe kuma sarautar Argungu Sarkin Kabi ce. Idan ana rubutun Ingilishi ko takardar gwamnati, a rubuta Sokoto da Kebbi, ba mu da ja. Amma wanda ya zauna rubuta tarihi da Hausa don Hausawa, ya kira wuri da sunan da masu wurin ke kiransa.

A nan akwai wani tarko da mu malaman Hausa muke faɗawa, gara in tona mana asiri. Mun koya wa yara cewa suna na mace mai ƙarewa da "a" yana ɗaukar "-r" wajen nasaba: ƙofar gari, rigar Audu. Daidai ne a daidaitacciyar Hausa. Amma ka je Zariya ka ji yadda ake faɗin Ƙofan Doka da Ƙofan Gayan. Karin harshen Zazzau ke nan, inda "-n" ke shiga gurbin "-r". Mai adana tarihi bai kamata ya ɗauki jan biro ya goge wannan a matsayin kuskure ba. In zai rubuta daidaitaccen, ya kawo yadda mutanen garin ke faɗi a gefe, don shi ma shaida ne a kan su wane ne mutanen.

Matsala ta uku ita ta fi damuna, kuma nahawu ce tsantsa. Hausa tana da hanyoyin nuna matsayin labari a wajen mai faɗinsa. Ku dubi waɗannan:

Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu.
An ce Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu.
Wai Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu.

Ta farko, mai magana ya ɗauki nauyin labarin a wuyansa. Ta biyu, ya miƙa abin da ya ji ba tare da ya ƙara ko ya rage ba. Ta uku, ya ja jikinsa, har da ƙanshin shakka. Kakanninmu da suka riƙe tarihi da ka sun san wannan sarai, shi ya sa bakinsu bai rabuwa da "an ce" da "haka muka taras ana faɗi". Ƙasidar nan kuwa ta zubo labarin Bayajida tun daga Bagadaza, zuwa Barno, zuwa maƙeran Gaya, zuwa auren Daurama da haihuwar Bawo, duk da siga ta farko, daidai da yadda ta ba da labarin hijirar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804. Hijirar Shehu akwai waɗanda suka halarce ta suka rubuta. Labarin Bayajida tarihin baka ne, mai daraja ƙwarai, wanda masana suka daɗe suna tattauna ma'anarsa. Ban ce a sa masa "wai" ba, wannan zai zama raini ga mutanen Daura. "An ce" ko "bisa tarihin baka na Daura" ya wadatar, kuma bai rage wa labarin komai ba.

Haka batun shekaru. An rubuta cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a 999, an sa aya. Littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci yawan shekarun da kowane sarki ya yi yake bayarwa. H. R. Palmer, wanda ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, shi ya yi lissafi da baya har ya kai ga 999. Kun ga ashe jimlar tana bukatar "bisa lissafin Palmer" ko aƙalla "wajen shekarar". Yaron da ya haddace 999 a matsayin abin da aka gani da ido, ranar da ya ji masana na gardama a kai, zai ɗauka duk tarihin ƙarya ne. Wanda aka faɗa wa yadda aka samo lambar, shi zai so ya ƙara bincike.

Abin da nake roƙon shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi da hukumomi ba mai tsada ba ne. Kowane kwamitin wallafa ya kasance da mutum ɗaya da ya karanci Hausa, kada allo ko ƙasida ta fita sai ya sa hannu. Sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi cike suke da waɗanda za su yi wannan da murna. Sannan a zauna da dattawan kowace unguwa a naɗi muryarsu suna faɗin sunayen ƙofofi da unguwanni da sarautu, saboda karin sautin da rubutu ba ya kamawa. Dattawan nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma da nasa yake tafiya.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin gida. Kowa ya rubuto sunan garinsu ko unguwarsu yadda yake a allon bakin hanya, da yadda kakarsa ke faɗinsa, mu ga inda suka saɓa.

Ga iyayenmu masu wannan aiki, a gafarce ni in na yi kaushi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya sa mu dace.