Kalmomin Haɗa Masoya a Bakin Ma'abota Ƙagaggun Labaran Kimiyya

Wasu mutane suna ɗaukar salon maganar ma'abota finafinai a matsayin ɓarnar harshe kawai. A ganinmu wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma kalmomin da ma'abota ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka suka ƙirƙira don haɗa taurari biyu a soyayya sun isa shaida.

Hanya ta farko ita ce mayar da alamar rubutu kalma. An nuna Star Trek a talabijin daga 1966 zuwa 1969. A shekarun 1970 ma'abotansa, galibinsu mata, suna buga ƙananan mujallu da kansu. Idan labari na abota ne tsakanin Kirk da Spock sai su rubuta K&S, idan na soyayya ne sai K/S. Sunan wannan karan tsaye, wato "slash", shi ne ya koma sunan labaran da ke haɗa namiji da namiji.

Ta biyu ita ce yanke kalma. Bayan fara The X-Files a 1993, masu son a haɗa Mulder da Scully aka kira su "relationshippers", daga kalmar Ingilishi mai nufin dangantaka. Aka datse ta ta koma "shipper", daga nan aka fid da aikatau "ship". Da yake wannan ta yi daidai da sunan jirgin ruwa, sai ta haifi kamance: haɗin da ya tabbata a cikin labari an ce jirginsa ya tashi, wanda ya rushe kuwa ya nutse.

Ta uku ita ce narkar da sunaye biyu su zama ɗaya, kamar "Reylo" daga Rey da Kylo Ren na Star Wars, tun 2015.

Tsarin yana da rauni. Alamar karan tsaye ana sa ta tsakanin kowaɗanne sunaye biyu, har mace da namiji, amma sunanta ya tsaya a kan nau'i guda. Alama da sunanta sun raba hanya. Narkakken suna kuma duhu ne ga baƙo, domin wanda bai ga fim ɗin ba ba zai iya warware shi ba. Sauƙin furuci ya ci fayyace ma'ana.

Duk da haka kalmomin sun rayu, alhali babu kwamitin da ya zauna a kansu. Dalili uku muka gani: gajeru ne, buƙata ce ta kawo su, kuma kowace tana iya haifar wata. Wannan abin lura ne ga masu tsara kalmomin yaƙi da jahilci. Bahaushe ma yana datse Bilkisu ya ce Bilki, yana haɗa kalmomi ya ce "faɗi-ka-mutu". Doguwar fassarar da ba ta karɓar jam'i, ba ta fid da aikatau, takan tsaya a takarda. Kafin a sa sabuwar kalma a littafin koyon karatu, ya kamata a gwada ta a bakin mutanen da za su yi aiki da ita.