Fuskokin Runduna Ta 54: Tsokaci Kan Aikin Saint-Gaudens

Mu da ke fama da alƙalami mukan manta cewa mai ƙera mutum-mutumi shi ma labari yake bayarwa, sai dai da tagulla yake nasa rubutun. Shi ya sa a wannan fitowa za mu yi tsokaci kan Augustus Saint-Gaudens (1848 zuwa 1907), wanda ya yi fice a Amurka wajen ƙera mutum-mutumin shugabanni da mazan fama.

Aikinsa da ya fi jan hankalinmu yana birnin Boston, an buɗe shi a 1897 don tunawa da Kanar Robert Gould Shaw da Runduna ta 54 ta Massachusetts. Wannan runduna ta baƙaƙen fata ce, hafsoshinta kuwa farare. Ranar 18 ga Yuli, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, suka afka wa sansanin Fort Wagner. Kusan rabin waɗanda suka shiga an kashe su, ko an raunata su, ko an kama su. Shaw, ɗan shekara 25, nan ya faɗi, aka binne shi rami ɗaya da sojojinsa.

Da fari Saint-Gaudens ya so ya ƙera Kanar shi kaɗai bisa doki, amma dangin mamacin suka ƙi. Wannan ƙin ne ya ceci aikin. Shekara 14 ya yi yana fama, ya ƙera kawunan baƙaƙe wajen 40 kafin ya zaɓi waɗanda ya sa. Duba su da kyau: ga yaro mai ganga a gaba, ga dattijo mai gemu, ga saurayi ya ɗaure fuska. Tafiyarsu ɗaya, amma kowa da kamanninsa. A zamanin da aka saba zana baƙar fata don a yi dariya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma gaskiya ɗaya ce, aikin bai rasa aibu ba. Kanar yana sama bisa doki, sojoji suna ƙasa a bayansa, don haka ido shi yake fara gani. Sunayen fararen hafsoshin da suka mutu an rubuta su tun farko, na baƙaƙen sojoji kuwa sai a farkon shekarun 1980 aka ƙara. An ba su fuska, an hana su suna. Haka nan macen da ya sa tana shawagi a samansu, a ganinmu ƙari ce, domin fuskokin sun riga sun gama magana.

Idan muka kwatanta da mutum-mutumin Janar Sherman na New York (1903), sai bambancin ya fito. Can an shafe komai da ruwan zinari, kirari ne zalla. Ɓarnar da rundunarsa ta yi a Jojiya a 1864 ba a nuna ta ba, in ban da reshen itace guda a ƙarƙashin kofaton doki.

Ina darasi gare mu? Sau nawa a littattafanmu muke ɓata shafi uku kan motar Alhaji, amma direbansa da 'yar aikin gidansa ko suna ba su da shi? Kafin ka miƙa rubutunka ga maɗaba'a, ɗan'uwa, koma ka ƙirga waɗanda ka bari suna tafiya a ƙasa, ka ba kowanne fuska da suna.