Ƙaro daban, danƙo daban

Bahaushe bai haɗa ruwan da itace ke fitarwa a suna guda ba, kuma a wannan rabewar suna hikimar masu wanki take. Abin da dakwara da dogonyaro ke zubarwa ya daskare kamar ƙanƙara, ƙaro ne. Farin ruwan da ke tsatsowa daga gamji ko cediya idan an sare su, ya yi yauƙi ya kama hannu, danƙo ne. Uwar da ɗanta ya dawo da riga a ɓace, tambayarta ta farko ita ce: "Wace bishiya ka hau?" Amsar ce ke gaya mata abin da za ta ɗauko.

Ƙaro ba ya ba kowa wahala, domin ruwa ke narkar da shi. Shi ya sa malamai ke sa shi a tawada: yana riƙe baƙin a jikin allo, amma da an zuba ruwa rubutun ya wanku. A jiƙa rigar kawai, a cuɗa.

Danƙo kuwa ba ruwansa da ruwa. Yaran da ke ɗana shi a reshe don kama tsuntsaye sun san ko sun wuni a bakin rijiya ba zai saki yatsunsu ba. Mai ne maganinsa. A shafa man gyaɗa ko man kaɗe, a murza a hankali har ya saki, sannan a bi da sabulun salo ya kwashe maiƙon. Haka ake yi wa tufa, sai dai a fara kankare abin da ya daskare da bayan cokali. Iyayenmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma abin da ake koyarwa can ke nan: abu mai maiƙo, mai ke narkar da shi.

Inda na ga al'adar tana tuntuɓe shi ne wurin yazawa da ruwan jikin ayaba. Tabonsu ba danƙo ba ne, rini ne. Suna ɗauke da irin sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi. Da farko ba a ganinsa, sai ya sha iska ya koma ruwan ƙasa. Mai wanki ta ɗauka datti ne, ta dirje shi da sabulu, ta kai wa mai guga, alhali sabulu da zafin dutsen guga ƙara zaunar da shi suke yi. Ɗauraya da ruwan sanyi nan take, da lemun tsami, da shanya a rana idan tufar fara ce, sun fi amfani.

Abin da ya fi damuna shi ne kananzir da fetur da suka shigo daga baya. Suna cire danƙo, ba musu. Amma ana goga su a hannun yaron da ruwan ɗanyen mangwaro ya riga ya ƙona, fatar ta ƙara tsagewa, ga murhu a kusa. Nonon tumfafiya ma ya fi haɗari: idan ya fantsama a ido, ba mai ake nema ba, ruwa mai tsabta ake ta kwarara wa idon, a garzaya asibiti.