3.2 Tsokaci a Kan Dunƙulallen Aiki a Zuciyar Manhajar Linux

Dunƙulallen aiki shi ne wanda kwamfuta ke kammalawa a bugu ɗaya, ba tare da wani aikin ya kutso tsakani ba. Sai dai dunƙulewa daban, kiyaye jeri daban. Alal misali, umarnin atomic_inc ba ya tabbatar da jerin karatu da rubutu a ma'adanar kwamfuta, amma atomic_inc_return yana tabbatarwa. Ƙa'idar ma'adana da Linux ta shigar a 2018 ta yi ƙoƙari wajen fayyace wannan. Amma harshen Rust, wanda aka karɓa a 2022, ya zo ne da ƙa'idar C++. A ganin wannan nazari, cakuɗa ƙa'idojin biyu kan haifar da kurakuran da gwaji ke wuyar kamawa. Saboda haka, bin ƙa'idar Linux kaɗai ya fi dacewa.