Levassor, gwanin da ya san inda ake ajiye injin mota

Duk bakaniken da ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin Peugeot 504, irin wadda aka haɗa a Kaduna, ya san jerin kayan cikinta da ka: inji a gaba, sai kuloci, sai giyabos, sannan ƙarfin ya gangara zuwa tayoyin baya. Wani Bafaranshe ne, Émile Levassor, ya zauna ya tsara wannan jeri a birnin Faris a 1891.

Shi da abokin sana'arsa René Panhard ba da mota suka fara ba. Injinan yanka katako suke ƙerawa, a nan hannunsu ya faɗa da ƙarfe da haƙoran giya. Injin fetur ɗin ma ba nasu ba ne, na Bajamushe Gottlieb Daimler ne. Izinin ƙera shi a Faransa yana hannun Louise Sarazin, wadda mijinta, wakilin Daimler, ya rasu ya bari, ita ce kuma Levassor ya aura a 1890. Gwanintar Levassor ita ce sanin mazaunin kowane abu.

Maƙeran farko keken doki suka ɗauka suka cire dokin, suka cusa inji a ƙarƙashin kujera ko a baya. Levassor ma a tsakiya ya fara sa nasa, bai gamsu ba. Da ya mayar da shi gaba, nauyi ya danne tayoyin da ke juya mota, ta fi kama hanya, mai gyara kuma ya huta da ɗaga kujera kafin ya kai ga inji.

Inda ya fi burge ni shi ne abin da ya sa tsakanin inji da taya. Injin tururi yana iya jan kaya daga tsaye. Na fetur kuwa sai yana gudu yake da ƙarfi, in aka ɗora masa nauyi farat ɗaya ya mutu. Karl Benz da bel na fata ya warware wannan, amma bel yakan zame. Levassor ya sa kuloci, wanda ke haɗa inji da nauyin mota sannu a hankali, a bayansa kuma ya jera giyoyi manya da ƙanana a kan sanda, direba yana zura ɗaya cikin ɗaya da hannu. Daga nan sarƙa ta kai ƙarfin baya, kamar ta keke.

Canza irin wannan giya aikin kunne ne. Babu abin da ke daidaita gudun haƙoran biyu sai direban. Zai taka kuloci, ya fitar da giya, ya saurari inji har ƙararsa ta zo daidai, sannan ya tura. In ya yi gaggawa, haƙora su kece da ƙara, sandar ta doke masa tafin hannu. In ya yi nawa a kan tudu, mota ta fara komawa da baya. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san zancen.

A watan Yunin 1895 ya fito ya gwada aikinsa a tseren Faris zuwa Bordeaux da dawowa, kilomita 1,178. Motar mai silinda biyu ce, ba ta da sitiyari sai wata sanda da ake karkatawa, tayoyinta roba ce zalla babu iska, hanya kuma ta ƙasa da duwatsu. Ya isa garin Ruffec da wuri har ya tarar wanda zai karɓe shi yana barci, sai kawai ya wuce. Shi ya tuƙa har ƙarshe, awa 48 da minti 48, yana da shekara 52. Duk da haka ba shi aka ba kyautar farko ba, domin ka'ida ta ce mota ta ɗauki mutum huɗu, tasa kuwa biyu take ɗauka. Wata Peugeot da ta iso bayansa da kimanin awa 11 ce ta karɓa, ita ma da injin Daimler.

Shekara ta zagayo, a tseren Faris zuwa Marseille, motarsa ta kife saboda wani kare da ya gitta masa, ya ji mummunan rauni. Ya rasu a 1897. Kamfanin ya ci gaba da sunansu su biyu, har Citroën ya haɗiye shi a 1965, motar hawa ta ƙarshe mai sunan Panhard ta fito a 1967.