Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Bugun Farko da Littattafan da ke Kwance a Adakokin Adar

A Tamaske, kamar sauran garuruwan Adar daga Keita zuwa Buza da Madawa, akwai gidajen da suka gaji fatauci da ci-rani tun kaka da kakanni. A ƙuryar ɗakin irin waɗannan gidaje akan tarar da adaka, cikinta da takardun gona da katin haraji da tsofaffin hotuna, wani lokaci kuma can ƙasa da ɗan siririn littafi wanda ƙura ta rine masa bango. Ko *Ruwan Bagaja* ne, ko *Magana Jari Ce*, wanda maigida ya sayo a Kano ko Zariya tun ana ciniki da sule da kwabo. Idan aka zo rabon gado, magada kan lissafa shi cikin tarkace, domin a ganinsu akwai sabonsa a kasuwa, mai farar takarda da bango mai sheƙi. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa sabon da tsohon ba lalle su zama abu guda ba, kuma al'ummar da ba ta iya bambance su tana iya rasa muryar marubutanta ba tare da ta ankara ba.

Darasi daga ƙagaggun labaran Ingila

Babu inda aka tsananta bincike a kan bugun farko kamar a ƙagaggun labaran Ingila na ƙarni na 19. Masu tara su sun san cewa *Pride and Prejudice* ya fito a 1813 cikin juzu'i uku, kuma babu sunan Jane Austen a jikinsa. Sun san *Pickwick Papers* na Charles Dickens ya riƙa fitowa kashi-kashi duk wata daga 1836 zuwa 1837, saboda haka sukan bi kowane kashi suna duba zane-zanensa da tallace-tallacen da aka liƙa masa. *Great Expectations* na 1861 kuwa, yawancin bugunsa na farko ɗakunan hayar littattafai irin na Mudie ne suka saye, masu haya suka karanta shi har ya ragargaje, shi ya sa samun mai lafiya yake da wuya. A 2021 an yi gwanjon bugun farko na *Frankenstein*, wanda aka buga kwafi 500 kacal a 1818, a kan dala miliyan 1.17.

Inda kuɗi ya shiga, maguɗi yakan biyo baya. A 1934 John Carter da Graham Pollard suka tona asirin wasu ƴan littattafai da ake sayarwa a matsayin bugun farko, bayan sun gano cewa irin takardar da irin haruffan ba a fara amfani da su ba a shekarun da aka rubuta a bangon. Sawun ya kai ga Thomas J. Wise, mutumin da ake ɗauka limamin masana wannan fanni.

To amma darasin da ya fi dacewa da malamin Hausa yana cikin *Wuthering Heights*. Emily Brontë ta fitar da shi a 1847, ta rasu a 1848. Da za a sake buga shi a 1850, yayarta Charlotte ta bi maganganun wani tsohon bara mai suna Joseph, wanda ke magana da karin harshen Yorkshire, ta sassauta su domin mutanen kudancin Ingila su fahimta. Ta kuma taɓa alamomin rubutu da tsarin sakin layi. Shekaru masu yawa abin da mutane ke karantawa ke nan, suna zaton daga alƙalamin Emily ya fito kai tsaye. Da ba a adana bugun 1847 ba, da babu mai iya mayar wa Joseph harshensa. Duk wanda ya taɓa ganin an mayar da "sunka tahi" ta ɗan Adar ta koma "suka tafi" a kan takarda ya san girman abin da ake magana a kai.

Bugun farko na Hausa

Hausa ma tana da nata bugun farko na ƙarni na 19, kuma a Landan aka buga shi. A 1855 Heinrich Barth ya isa Ingila tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan yankin Damagaram. Daga bakin wannan yaro J. F. Schön ya rubuta tarihin rayuwarsa da labarai da tatsuniyoyi, waɗanda suka zama ƙashin bayan *Magana Hausa* na 1885. A 1906 C. H. Robinson ya sake fitar da littafin da nasa gyare-gyaren. Mai son kusantar Hausar da Dorugu ya tashi da ita, na 1885 zai nema.

Ƙagaggen labari na boko kuwa ya samo tushe ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Talifi ta Zariya. Daga gare ta da abin da ya biyo bayanta aka sami littattafai biyar: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na wansa Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida da shi East. Sai *Magana Jari Ce* ya biyo baya cikin littafi uku daga 1937 zuwa 1939. Daga nan littattafan suka yi ta sauya hannu: Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA wadda ta yi aiki a shekarun 1950 har zuwa 1959, da kamfanin NNPC daga 1966. Duk lokacin da aka sake jera haruffan littafi, ƙofa ta buɗe ga gyaran ƙa'idar rubutu, da sauya zane, da kuskuren mai jerawa.

Nan ne sukar ta taso. Littattafan nan sun shekara casa'in ana karantar da su, amma bugun da ke hannun ɗalibai bai saba gaya wa mai karatu daga wane bugu aka kwafo shi ba, balle abin da aka sauya. Ko shekarar fitowar *Ruwan Bagaja* ba ta zauna wuri guda ba a rubuce-rubucen nazari: wani ya sa 1934, wani 1935, ɗalibi kuma ya dubi kwafin da ke gabansa ya sa 1966 ko abin da ya fi haka, sai ka ce Imam ya rubuta shi bayan samun ƴancin kai. Sa'an nan a zo ana nazarin salon Imam, ana ƙirga kalmominsa na aro da tsawon jimlolinsa, ba tare da an tabbatar cewa waƙafi da aya da ake kafa hujja da su nasa ba ne. Wannan gini ne a kan tubalin toka.

Abin mamaki shi ne, malaman zaure ba su taɓa yin sakaci da wannan ba. Mai kwafar littafi da hannu yakan rufe da sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama, kuma almajiri yakan karanta kwafinsa a gaban malami a gyara masa. Masu nazarin rubutun ajami kan ɗaga takarda su duba ta a hasken rana, domin alamar jinjirin wata uku da ke cikin takardun Italiya tana taimakawa wajen kintatar zamaninsu. Ashe al'adar tantance asalin littafi tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Boko ne ya zo ya ɗauka cewa duk abin da inji ya buga iri ɗaya ne.

Yadda ake gane shekarun littafi

Malamin da tsohon littafi ya faɗo hannunsa yana da alamomi da zai bi, ko da shafin farko ya yage.

Ta farko ita ce sunan mai bugawa. Littafin da ke ɗauke da sunan Kamfanin Gaskiya bai girmi 1945 ba, mai sunan NORLA ɗan shekarun 1950 ne, mai sunan NNPC kuwa daga 1966 ya fara. Saboda haka *Ganɗoki* mai ɗaya daga cikin waɗannan sunaye uku ba bugun farko ba ne, komai tsufan takardarsa.

Ta biyu ita ce farashi. Najeriya ta koma naira da kobo ranar 1 ga Janairun 1973. Farashin sule ko sisi da aka buga a bango shaida ce cewa littafin ya riga wannan rana.

Ta uku ita ce lambar ISBN, wadda ba ta yaɗu a duniya ba sai daga 1970. Littafin da ke da ita ƙarami ne, ko da an rubuta 1934 a cikinsa, domin wannan shekarar tana nuni ne ga farkon fitowar aikin.

Ta huɗu ita ce ƙa'idar rubutu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da ɗan waƙafi a sama ya bambance sautukan da yanzu ake rubutawa ɓ da ɗ da ƙ. Haruffa masu ƙugiya daga baya suka zauna daram. Yadda aka rubuta waɗannan sautuka, da yadda aka raba ko aka haɗa kalmomi, duk suna faɗin zamani.

Ta biyar ita ce abin da mai littafin ya bari: sunansa, da hatimin makaranta, da kwanan wata, da bayanin da ya rubuta a gefe da ajami ko da Faransanci. Mai tara littattafai don kasuwa yana ganin wannan aibi ne. Ga mai tarihi kuwa, shi ne ke nuna hanyar da littafi ya bi daga Zariya har ya kwana a Adar.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an haɗa biyu ko uku sun yi daidai.

Na gida ma yana ƙarewa

Kada a ɗauka maganar ta tsaya ga littattafan da suka ƙetaro iyaka. Nijar tana da nata bugun farko, kuma shi ya fi kusa da halaka, domin kaɗan aka buga a kan takarda mai rauni. Akwai jaridun yaƙi da jahilci irin su *Gangaa* da *Saabon Ra'ayii* ta Madawa, waɗanda sunayensu kaɗai ke nuna zamanin da ake ninka wasali don nuna tsawonsa, bayan taron Bamako na 1966. Akwai littattafan makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973. Taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, da dokar ƙa'idojin rubutu ta 1999, kowanne ya bar tabonsa a kan takarda, ta yadda mai lura zai iya jera littattafan Nijar bisa zamani daga rubutunsu kawai. A cikin irin waɗannan takardu ne ake sa ran tsintar Adaranci a rubuce, karin harshen da Bernard Caron ya keɓe wa littafi guda a 1991.

Haka kuma littattafan adabin kasuwar Kano, irin su *Budurwar Zuciya* na Balaraba Ramat Yakubu da *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun bi sawun *Great Expectations*: haya da aro sun cinye su, da yawa daga cikin ire-irensu kuma an buga su babu ko shekara.

Iyakar darajar bugun farko

Adalci ya wajabta a faɗi cewa bugun farko ba wahayi ba ne. Na *Wuthering Heights* cike yake da kurakuran maɗaba'a. Littattafan 1933 ma sun ratsa ta hannun East kafin su ga inji, saboda haka ko a bugun farko akwai sawun edita. Wani lokaci kuma marubuci da kansa ne ke gyara, kamar yadda Mary Shelley ta yi wa *Frankenstein* a 1831. Darajar bugun farko ita ce ta shaida: shi ne ma'aunin da ake ɗora na baya a kai, a ga abin da ya ƙaru da abin da ya ragu, sa'an nan a tambayi dalili.

Akwai kuma haɗari a cikin labarin miliyoyin daloli. Tsohon *Shaihu Umar* ba zai sayi gida ba, kuma wanda ya sa wa magada wannan kwaɗayi zai jawo ɗayan biyu: ko su ɓoye littafin har gara ta gama da shi, ko su sayar wa baƙo ya fita da shi daga ƙasa. Kowanne ya faru, ɗan makarantar Tamaske ne ya yi asara.

Kammalawa

Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ana sa ran buƙatar littattafan karatu za ta ƙaru, kuma za a sake buga tsofaffi. Idan ba a tattara na asali ba kafin lokacin, kurakuran bugu na goma ne za su zama gadon ƴan baya.

Aikin bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ko ta malaman makaranta ba. A buɗe rajista a kowace gunduma, a rubuta sunan littafi da marubuci da mai bugawa da farashi da yawan shafuka da gidan da yake. A ɗauki hoton bango da kowane shafi da wayar hannu, a bar littafin a hannun masu shi. A raba shi da ƙasa da bangon laka saboda gara da danshin damina, kuma kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, domin yana ƙona takarda. Kwafin hotunan a miƙa shi ga cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO a Yamai. Malami kuma, idan ya sami bugu biyu na littafi ɗaya, ya ba ɗalibai shafi guda daga kowanne su gwada da kansu, domin gani ya kori ji.

Masu buga littattafai su ma akwai haƙƙi a wuyansu: su faɗi bugun da suka kwafa, su faɗi abin da suka taɓa. Magada kuwa, kafin a share ɗakin tsoho, a kira malamin makaranta ya leƙa adakar.